'Yan Chaina sun daina kashe kuɗi ne? Amsa ga wani ɗan kasuwar Kano

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, shekara tara ina kawo takalma da jakunkunan mata daga birnin Gwanzu na Chaina. Zuwana na ƙarshe naga abubuwa sun canza sosai, wasu filazozin shaguna a rufe, masu kamfani su ke bina da rangwame, wanda da ba ya kallonka sai zaka yi odar dubu yanzu ɗari biyu ma yana karɓa. Ana ta cewa wai 'yan Chaina sun daina kashe kuɗi. Gaskiya ne? Me ya jawo? Kuma ni in ci gaba da kawo kaya ne ko in juya in fara kai musu riɗi da citta kamar yadda wani abokina yake bani shawara?"

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Tambayarka guda uku ce a ƙunshe: me ya samu mai saye a Chaina, me yasa abin da ya same shi ya taɓa mai kamfanin da kake saye a wajensa, sannan kai ina zaka sa ƙafa. Zan amsa da abin da na gani da idona a shekarun da nayi ina aikin ejan tsakanin Gwanzu da Yiwu, ina raka mutane kamfani, ina duba kaya ina lodin kwantena, da kuma alƙaluman da gwamnatinsu ta fitar da kanta. Ni a kudancin Chaina nake zaune, kuma yawancin mu'amalata da masu kamfani ne da 'yan kasuwa da matasan birni, don haka ka ɗauki maganata a matsayin ta mutumin kudu, ƙasar tana da mutum kusan biliyan 1.4 kuma yadda manomin arewa maso yamma yake rayuwa daban yake da na ɗan Shanghai.

A gajarce, basu daina kashe kuɗi ba. Tsoro ne ya shige su, sai suka koma lissafi. Kuma mai lissafi ya fi wanda bashi da kuɗi wuyar sha'ani, don shi mara kuɗi ya tafi ka huta, shi kuwa mai lissafi yana nan tsaye a gabanka da waya a hannu yana nuna maka wani yana sayar da irin kayanka ƙasa da naka.

Inda tsoron ya samo asali

Sai ka fara fahimtar matsayin gida a wajen ɗan Chaina. Mu a wajenmu mutum zai iya zuba dukiyarsa a shanu ko fili ko kaya a shago, su kuwa tun daga ƙarshen shekarun 1990 gida ne asusunsu, ana ƙiyasta wajen kashi 70 cikin ɗari na dukiyar iyalai a gida take. A wurare da yawa ma ba'a baka mata sai kana da gida, har suna da wata magana da suke cewa "aljihu shida", wato iyayen miji da kakanninsa na ɓangare biyu, da iyayen mata da kakanninta na ɓangare biyu, duk a haɗa abin da aka tara a biya kuɗin farko na gida ɗaya. Kuma yawanci tun kafin a gama ginin ake biya. Shekara ashirin farashi yana hawa, kowa yana jin kansa mai kuɗi ne, to mai jin haka ai ba ya tsayawa ciniki akan jaka.

A 2020 gwamnati ta ɗaure wa kamfanonin gine-gine hannu wajen cin bashi. Ƙarshen 2021 babban kamfanin gine-gine Evergrande, wanda bashin da ke kansa ya haura dala biliyan 300, ya kasa biya, a Janairun 2024 kotu a Hong Kong ta bada umarnin a karya shi. Country Garden ma ya bi sahu a 2023. A tsakiyar 2022 har mutane suka fara ƙin biyan bashin banki saboda gidajen da suka biya an bar su kango. Ka ɗauka kai ne, ka tattara kuɗin aljihu shida ka saka a gida, yanzu duk wata kana biyan banki amma darajar gidan tana sauka, wallahi ko albashinka bai ragu ba sai ka fara duba farashin man girki.

Ga kuma korona. Shanghai, birnin da yafi kowanne kuɗi, an kulle shi wata biyu a 2022, Afrilu da Mayu, ba'a saki dokar gaba ɗaya ba sai Disambar shekarar. Wanda yake da shago ya biya haya wata da watanni babu ciniki ya koyi darasin da ba zai manta ba, wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani sai ya ja da baya. Sai maganar aiki: a watan Yunin 2023 rashin aikin yi tsakanin matasa 'yan shekara 16 zuwa 24 a birane ya kai kashi 21.3, har hukumar ƙididdiga ta dakatar da fitar da alƙalamin na wasu watanni, kuma duk shekara sama da mutum miliyan 11 ke fitowa daga jami'a. Matasan suna da kalmar da suke yawan faɗa, "neijuan", ma'ana kowa yana ta ƙara wahala amma babu wanda yake ci gaba, wasu kuma suka ce su "tang ping" zasu yi, wato su miƙe ƙafa su kwanta, ba gida ba aure ba gasa da kowa.

Wannan na ƙarshen ya shafe ka kai tsaye duk da baka sani ba. A 2013 an ɗaura aure sama da miliyan 13 a Chaina, a 2024 kuwa miliyan 6.1 kacal. Yawan jama'arsu ya fara raguwa a 2022, karo na farko tun 1961, kuma 'yan shekara 60 zuwa sama sun haura miliyan 300. Kai da kake Kano ka san abin da biki yake yi wa kasuwar takalmi da jaka, to ka cire rabin bukukuwan shekara ka ga yadda layinku zai koma.

Yadda suke saye yanzu

Bari in baka misali da wata yarinya da ta yi mana aiki a ofis tana haɗa takardun kwastan. Albashinta dai-dai gwargwado ne. Wata rana na ganta ta kai minti ashirin tana duba wayarta, na tambaye ta lafiya, ashe tishu take son saye, tana kwatanta farashi a manhajojin sayayya na Pinduoduo da Taobao da Douyin, bambancin bai wuce yuan uku ba, kuma sai da ta tura wa ƙawayenta biyu suka haɗu suka saya tare don a ƙara rage musu. A satin nan dai ta kai kyanwarta asibitin dabbobi ta biya abin da ya kusa kashi ɗaya cikin huɗu na albashinta ko gezau bata yi ba. Da na nuna mamaki sai tace min tishu ko na wane kamfani ne tishu ne, amma kyanwar nan ita ke jiranta a gida. Tun daga ranar na daina cewa basu da kuɗi. Abin da suka ɗauka na yau da kullum ne zasu matse shi har sai ya yi kuka, abin da ya taɓa zuciyarsu ko lafiyarsu kuma su buɗe jaka.

Kalmar da zaka fi ji a bakinsu ita ce "xingjiabi", wato abin da ka samu in an gwada da abin da ka biya. Akwai kuma "pingti", kayan da yake aiki irin na mai babban suna amma a kashi ɗaya cikin biyar ko goma na kuɗin, kuma abin da ya canza shine da kunya ake ji a ganka da shi, yanzu abin alfahari ne, yarinya zata hau dandalin sada zumunta na Xiaohongshu ta nuna ta gano kamfanin da yake ɗinka wa wani babban suna kaya ta saya kai tsaye, dubban mutane su bi ta.

Dubi shayi da kofi kawai. Luckin ya riƙa sayar da kofi yuan 9.9 a lokacin da na Starbucks yake wajen talatin, a 2023 ya wuce Starbucks a ciniki a cikin Chaina. Mixue, mai askirim ɗin yuan 2 da lemon yuan 4, rassansa sun haura dubu 45, sun fi na McDonald's yawa a duniya. Pinduoduo da aka kafa a 2015, wanda 'yan birni suke raina shi suna cewa na ƙauyawa ne, a ƙarshen Nuwamban 2023 darajarsa a kasuwar hannun jari ta wuce ta Alibaba. Shi kansa Alibaba ɗin, bikin rangwamen da ya ƙirƙiro na 11 ga Nuwamba tun 2009, da duk shekara sai ya sanar da cinikin da akayi ana tafi, a 2021 yace yuan biliyan 540, daga 2022 ya daina faɗar adadin.

Wani abu da ya faru a Satumbar 2023 ya nuna zuciyar mutane fiye da duk wani alƙalami. Li Jiaqi, wanda yafi kowa suna a tallan kai tsaye ta bidiyo, yana tallan fensirin gira na yuan 79, wata ta rubuta cewa yayi tsada, sai ya mayar mata da cewa ta duba kanta ko tana aiki tuƙuru, ko albashinta ya ƙaru a shekarun nan. Ƙasar ta ɗauki zafi, sama da mutum miliyan suka daina binsa, sai da ya fito yana kuka yana bada haƙuri. Shekara biyar kafin nan da ba wanda zai kula da maganar.

Amma fa a wannan lokacin dai da ake rigima akan yuan 79, shagunan Sam's Club da sai ka biya kuɗin zama mamba kafin ka shiga a cike suke, saboda mutane sun yarda abincin ciki mai kyau ne. Matasa suna sayen zinare ɗan ƙwaya-ƙwaya na giram ɗaya suna tarawa a kwalba. 'Yar tsanar nan Labubu ta kamfanin Pop Mart, a 2025 layi ake yi akanta. A bazarar 2023 garin Zibo ya cika maƙil da matasa da suka je cin gasasshen nama kawai. Sannan sun daina ɗaukar kayan waje a matsayin wanda yafi nasu: kamfanin motocinsu BYD ya ture Volkswagen daga matsayi na ɗaya a cinikin mota a 2023, a watan Yulin 2024 fiye da rabin ƙananan motocin da aka sayar masu amfani da batir ne ko masu haɗa batir da fetur, Anta da Li-Ning suna gogayya da Nike da Adidas a cikin gida. Gwamnati kuma tana ta ƙoƙarin tura mutane kasuwa, a 2024 ta ware yuan biliyan 150 don tallafin kawo tsohon firij ko mota ka ɗauki sabo, a 2025 ta ninka zuwa biliyan 300.

Me yasa mai kamfani yake binka

Nan ne gaɓar da nake so ka tsaya ka karanta a hankali. Kamfanonin da suke Shiling suna ɗinka jaka, da na Huidong da Wenzhou masu takalma, an gina su ne lokacin da kasuwar gida da ta waje duk suna haɓaka. Injin yana nan, hayar wuri tana nan, ma'aikata dole a biya su. Mai saye na gida ya matse hannu, manhajojin saye da sayarwa kuma suna fifita wanda yafi araha, in baka rage ba ma ba za'a nuna kayanka ba. Daga Oktoban 2022 farashin kaya a bakin kamfani ya riƙa sauka, sama da shekara biyu a jere. Ga Amurka ta ɗaga haraji a 2025, ta kuma rufe ƙofar da ƙananan ƙunshi suke shiga ba haraji. To ina zai kai kayan? Afirka, Gabas ta Tsakiya, kudu maso gabashin Asiya, Latin Amurka. Kai ne kasuwar da ta rage, shi yasa wanda da yake barinka tsaye yanzu yake zuba maka shayi.

Maganar odar ɗari biyu kuwa ba tausayi bane, tsarin aikin ne ya canza. Shein, kamfanin sayar da tufafi ta intanet, wanda yawancin masu yi masa ɗinki suna Panyu a nan Gwanzu, shi ya koya wa ƙananan kamfanoni su yi guda ɗari ko ɗari biyu a gwada a intanet, in ya karɓu a ƙara cikin 'yan kwanaki, in bai karɓu ba a watsar. Masu tallan bidiyo ma haka suke oda. Don haka kamfanoni da yawa sun riga sun saba da ƙaramar oda mai sauri, kai dai ka ci moriyar abin ne. Shagunan da ka gani a rufe ma ba duka ne suka karye ba, wasu sun koma ɗaki a bene na sama inda haya take da sauƙi, sun kafa fitila da waya suna talla kai tsaye, ko suna sayarwa a 1688, shafin sari na intanet.

Sai dai akwai abin da nake gargaɗin duk wanda na raka. Araha ba ta ado. Bara na shiga wani kamfanin jaka da na daɗe ina hulɗa da shi, maigidan ya kai ni sito ya nuna min katan-katan har rufi, yace duk kayan da aka dawo da su ne daga masu saye ta bidiyo, a dokarsu tun 2014 mai saye ta intanet yana da kwana bakwai ya dawo da kaya ba sai ya faɗi dalili ba, wasu matan ma sai su yi oda kala uku su zaɓi ɗaya su dawo da biyu. Na ɗauki jaka ɗaya na buɗe, daga waje ba ta da maraba da wadda muka loda shekara uku da suka wuce, amma da na sa yatsa a shafin ciki sai naji ya yi siriri kamar takarda, zif ɗin ya yi sauƙi a hannu, ƙarfen hannun da na ƙwanƙwasa sai ya yi ƙarar gwangwani. Ban ma tambaye shi ba shi da kansa yace, a farashin da ake nema yanzu in ya sa na da asara zai yi. Mutumin kirki ne, amma matsi ya kai shi nan. Saboda haka in an rage maka kashi goma sha biyar, tambayar farko ita ce daga ina aka cire. A takalmi yawanci daga gam ne da tafin ƙasa, kuma gam ɗin da zai riƙe a sanyin Wenzhou ba lallai ya riƙe a zafin Kano na watan Afrilu ba, kwana arba'in ko fiye a cikin kwantena ma kaɗai ya isa ya nuna maka.

Sannan ka san rangwamen nan bai iso aljihunka ba. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, yuan ɗaya ya haura naira 200 a 2024, duk abin da ɗan Chaina ya rage maka canji ya cinye har da ƙari. Kuma abin da yafi wannan damuna shine ba kai kaɗai yake bi ba. Yadda ya neme ka haka yake neman wanda kake sayar wa. Temu, ƙanin Pinduoduo, ya shigo Najeriya a ƙarshen 2024. Yarinya a Zoo Road ko Kabuga da waya a hannunta da ejan a Gwanzu tana oda daga 1688 guda ashirin ta sayar a WhatsApp. Wasu kamfanonin ma sun buɗe sito a Legas. Ribar da ake samu da don kawai ka san hanyar Gwanzu wasu basu sani ba, wannan ta tafi, gara in faɗa maka gaskiya.

To in ci gaba ko in juya?

Ra'ayina ka ci gaba, amma ba yadda ka saba ba. Abin da kake da shi wanda Temu bashi da shi shine ka san ƙafar matan Kano. Ka san wace lamba ce take ƙarewa da wuri, ka san ƙafarmu tafi tasu faɗi, ka san kalar da zata shiga da leshi da wadda zata kwana a shago har Sallah ta wuce, ka san me ake sawa a lefe. Da ba zaka iya juya wannan sanin ya zama kuɗi ba saboda sai kayi odar dubu kafin a canza maka komai, yanzu da ɗari biyu ko uku za'a faɗaɗa maka ƙirar, a canza kala, a buga sunan shagonka. Maimakon ka zuba kuɗinka a samfur uku masu yawa, ka yi goma sha biyu kaɗan-kaɗan, wanda ya tafi ka kira a ƙara. Kuma ka rubuta komai a takardar oda, kaurin shafi, irin zif, irin gam, nauyin guda ɗaya a sikeli, ka sa hannu akan samfur biyu ka bar musu ɗaya ka riƙe ɗaya, kar ka cika kuɗi sai wani naka ya buɗe katan ya auna. Nauyi shine abin da yafi saurin tona asiri, jakar da aka rage wa kaya ba zata taɓa kai nauyin samfur ba. Kafin alƙalami kuma kar ya wuce kashi talatin, don a irin wannan yanayin kamfani yana iya rufewa da kuɗinka a ciki, na ga wanda abin ya faru da shi, mun je muka tarar da ƙofa da kwaɗo da takardar mai gida a manne yana bin haya.

Kayan sitok, wato irin waɗancan da aka dawo da su ko ragowar oda, akwai riba a ciki sosai yanzu amma sai wanda zai tsaya da kansa a buɗe a ƙirga. In ta waya zaka saya ka barshi.

Yanzu maganar abokinka. Citta dai ka cire ta daga lissafi, Chaina ita ce kan gaba a duniya wajen fitar da citta, lardin Shandong kaɗai ya ishe su har su sayar wa wasu, cittarmu ta kudancin Kaduna kasuwarta tana wasu wuraren. Riɗi kuwa maganarsa tana da tushe. Suna shigo da wajen tan miliyan ɗaya a shekara, wani lokaci ya ɗara, suna matse mai suna kuma niƙa shi su yi abin dangwale da ake ci da tukunyar nan tasu mai tafasa a tsakiyar tebur, kuma kaso mai yawa daga Afirka yake zuwa, Nijar da Togo da Sudan da Habasha da Tanzaniya da Mozambik, yawancinsa a tashar Qingdao ake sauke shi. Abin da ya daɗe yana bai wa Nijar fifiko akan Najeriya shine tana cikin ƙasashen da aka yafe wa haraji. Daga 1 ga Disambar 2024 Chaina ta cire haraji akan duk kayan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da take hulɗa dasu, 33 daga ciki na Afirka ne, a Yunin 2025 kuma a Changsha ta sanar cewa zata faɗaɗa zuwa ƙasashen Afirka 53 da take hulɗa dasu, har da Najeriya. Don haka ƙofa tana buɗewa.

Amma ka tuna da yarinyar nan mai tishu, don mai sayen riɗi ma irinta ne, sai dai shi da na'urar awo yake zuwa. Mutanen nan tun abin da ya faru da madarar jarirai a 2008, da aka sa mata sinadarin melamin mai cutarwa, yara kusan dubu 300 suka kamu shida suka rasu, basa wasa da abin da zai shiga ciki. Tun Janairun 2022 hukumar kwastan ɗinsu ta wajabta wa masu sarrafa abinci na waje su yi rajista da ita kafin kayansu su shiga. Za'a auna yawan mai, a auna danshi, a auna tsakuwa da ƙaiƙayi, a duba ragowar maganin ƙwari. Na taɓa yi wa wani bawan Allah tafinta da ya kawo riɗi kwantena biyu, kaya masu kyau a ido, da aka auna sai datti ya ɗara abin da aka rubuta a yarjejeniya da ɗan kaɗan, mai saye ya zauna yana danna kalkuleta yana cewa ko a rage kaza a kowane tan ko a bar masa zancen, kayan kuma suna tasha kullum kuɗin ajiya yana hawa. Dole ya karɓa, ya koma gida da uwar kuɗinsa da ƙyar. Kuma masu sayen riɗin da yawa suna da yaransu a Dawanau da Maigatari suna saye da kansu, wato ba zuwa zaka yi ka tarar da fili ba kowa ba.

Ni ba a harkar amfanin gona na ƙware ba, abin da na sani na tafinta ne da raka mutane, saboda haka kafin ka saka ko sisi ka zauna da wanda ya yi lodin riɗi aƙalla kaka uku ya nuna maka takardunsa da asarar da ya taɓa yi. In har zuciyarka ta kwanta, ka fara da shiga kaso a kwantenar wani, kar ka taɓa jarin takalmanka. In kuma zaka zo baje kolin Canton da ake yi a Gwanzu a Oktoba, ka tsara tafiyar ta kai ka farkon Nuwamba, zangon ƙarshe na Canton shine na takalma da jakunkuna, daga nan ka hau jirgin ƙasa zuwa Shanghai, ranar 5 ga Nuwamba ake buɗe baje kolin kayan da ake shigowa dasu ƙasar, wanda suka fara tun 2018. Ka taho da riɗi kilo biyu a leda mai kyau, fari daban ja daban, da takardar awo daga ɗakin gwaji, ka zaga rumfunan masu mai ka ji da kunnenka nawa zasu taya.